Kunyar Tabawa a Dutsen Tsirya

Ku matso nan ku zauna. Wadda ke da waya a hannu ta kife ta a cinya, don ba zan faɗi magana sau biyu ba. Labarin wata tsohuwa zan ba ku, wadda ta kusa mutuwa saboda rashin ci alhali ga ayaba ɗaure a bakin mayafinta, da kuma mata uku da suka tsaya a kanta har ta tashi. In na gama ku ne za ku yanke hukunci, kuma ba na karɓar hukuncin wadda ta ji rabin magana.

Sunan tsohuwar Tabawa, a garin Rafin Ɗinya take zaune. Mace ce mai tsare kanta. Ba a taɓa jin muryarta a bayan katanga ba, ba a taɓa ganin ta tana ci a tsaye ba. Da girma ya zo mata sai ciwon suga ya biyo shi. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya kuma kafa mata sharaɗi biyu: ta riƙa tafiya da ƙafa har ta yi gumi, kuma kada ta sha maganin nan ta zauna ciki babu komai, domin yana iya sauke sugar ta wuce inda ake so.

A garin akwai ƙungiyar masu tattaki don motsa jiki. Da farko da na ji labarinsu na ce zaman banza ne ya yi musu yawa, mutum ya tashi yana tafiya, ba kasuwa ba, ba gona ba, ba gidan gaisuwa ba. Da na ga tsarinsu sai na janye maganata. Kowace safiya bayan sallah suna zagaya filin makarantar firamare, maza a gefe, mata a gefe, babu ihu babu kiɗa. Sau ɗaya a shekara kuma, in damina ta zo ƙarshe, sai su shiga mota zuwa gindin Dutsen Tsirya, su hau ta wannan gefe su sauka ta wancan, motar kuwa ta zagaya ta jira su a can. Tafiyar tana da doka, abin da ya sa nake ganin girmanta ke nan. Akwai mai gaba, wanda ba a wuce shi. Akwai mai jakar magani a tsakiya. Akwai mai baya, wadda ba ta wuce kowa, ko da mutum rarrafe yake yi.

Mai baya a wannan shekara Zulai ce, wadda ta koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, gwiwarta ta dama kuma ta fara ba ta wahala. Mai jakar magani Saratu ce, nas ce, yarinya a kansu, mai ƙarancin magana. Sai Ramatu, ɗiyar kawun Tabawa, wato taubashiyarta. Ramatu ba ta da ciwon komai sai nauyin jiki da kaifin baki. Ta shiga ƙungiyar ne kawai don Tabawa ta shiga, ta ce ba za ta bari a ga faɗuwar taubashiyarta ba tare da ita ba.

Ranar tafiyar Tabawa ta sha koko kaɗan ta haɗiye maganinta, tunda an ce za a raba abinci a saman dutse. Motar ta sauke su ta juya ta tafi. Sai a nan aka sanar cewa wanda ya saba yin gaba ya yi targaɗe, an roƙi wani malamin gona da ya san hanyoyin dutsen ya ja tafiyar. Malamin gonan ya fito daga gindin wata ɗorawa inda ya jingine babur ɗinsa, sai ga shi Haladu ne, mijin ɗiyar Tabawa ta fari.

Ku 'yan yanzu da kuke cin shinkafa a faranti ɗaya da surukanku ba lalle ku gane nauyin wannan ba. Tabawa ba ta taɓa kiran sunan ɗiyarta ta fari ba, balle na mijinta. Ba ta taɓa shan ko ruwa a inda idonsa zai iya kaiwa ba. Shi ma yaron kirki ne, ya san iyakarsa. Da ya hango ta ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Ita kuma ta juya gefe ta amsa gaisuwar tana kallon ɗorawa. Waɗanda ke wurin suka ɗauka ladabi ne kawai na yaro ga tsohuwa. Ba wanda ya san abin da ke tsakaninsu sai Ramatu.

Ramatu ta matso kusa da kunnenta ta ce, "Yau na ga abin kallo. Za ki hau dutse a bayan surukinki kina haki kamar tsohuwar jaka. Ki dai riƙe numfashin kada ya ji."

Tabawa ta ce, "Ke dai ja wannan buhun naki ki kai shi sama tukuna, sai mu ga mai haki."

Aka kama hanya. Duk wanda ya yi tafiyar nan ya ce bai taɓa ganin ƙasa mai kyau kamar haka ba. Ciyawa ta yi kore shar har ƙugu, raɓa tana jiƙa bakin zane. Mutanen dutsen sun sassaƙa gonakinsu hawa-hawa, sun dafe su da jerin duwatsu, acca ta nuna tana kaɗawa, shingen ƙerana ya kewaye kowane gida. Ruwa yana fitowa daga tsagin dutse fari tas, yana gangarowa yana ƙara, mutum ya sa hannu ya ji sanyi har haƙori. Tsiryoyi suna tashi garke-garke daga bishiyoyi, agwada na leƙowa daga ramuka tana komawa, birai na zaune a sama suna kallon mutane kamar su ne baƙin. In aka kai wani lanƙwasa sai ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinka, ka ga garuruwa kamar an zuba tsaba a faifai, gajimare yana wucewa daidai kafaɗarka. Wani dattijo a cikinsu, Alhaji Sallau, sai tasbihi yake yi tun daga ƙasa har sama. Tabawa kuwa ta ba mutane mamaki. Ba ta tsaya ba, ba ta nemi a riƙe ta ba, ta wuce mata da yawa da suka girme wa jikokinta da kaɗan.

Saman Dutsen Tsirya falalen dutse ne shimfiɗaɗɗe, babu bishiya, babu lungu, duk inda ka zauna kowa yana ganin ka. A nan aka zauna aka buɗe abinci, ƙosai da ayaba da ruwa. Haladu ne yake rabawa. Da ya zo kan rabon surukarsa bai kai mata da kansa ba, ya ba Saratu ya ce ta miƙa wa tsohuwar can. Sannan ya tafi can ƙarshen falalen ya zauna ya ba mutane baya, shi ma bai sa komai a bakinsa ba. Ya yi iyakar abin da ɗa nagari zai yi. Amma a wurin Tabawa bayan suruki ma suruki ne.

Saratu ta durƙusa ta ce, "Mama, ki ci. Da safe kin ce mini kin sha magani."

Tabawa ta ce, "Zan ci, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Bari numfashina ya dawo."

Aka kira Saratu wajen wani da takalmi ya saɓule wa diddige, ta tafi. Tabawa ta ɗauki ayaba ta ƙulle a bakin mayafi, da niyyar in ta sami inda ido ba ya kaiwa ta ci. Ramatu tana gefe tana kallo tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta cinye ƙosanta, ta miƙa hannu ta ce, "In kunya za ki ci, kawo naki, ni ba ni da suruki a nan." Ta cinye na Tabawa ma.

Aka fara sauka. Hanyar saukar tana lanƙwashewa kamar maciji, Haladu kuwa mai kula ne, duk lanƙwasa sai ya tsaya ya ɗaga kai ya duba layin mutanensa. Saboda haka duk sanda Tabawa ta kai hannu bakin mayafi sai ta ga fuskarsa tana kallon sama, ta janye hannun. Gumi mai sanyi ya fara keto mata. Ƙafafu suka fara rawa. Ta ji zuciyarta tana bugawa a maƙogwaro. Da suka iso wani wuri da manyan duwatsu biyu suka jingina da juna, sai ta saci jiki ta shige bayansu ba tare da ta gaya wa kowa ba, domin a ganinta ko a ce ta tafi cin abinci ma abin kunya ne. A daidai wannan lokaci Zulai ta sunkuya tana taimakon wata mata ta tsallake santsi, ba ta ga shigarta ba. Tabawa ta kama ƙullin tana son kwancewa, yatsu suka ƙi. Jiri ya ɗebe ta. Ta zame ta gangara cikin wani kwazazzabo, gamba ta rufe ta, layin mutane ya wuce ya bar ta.

Yanzu ku buɗe kunne, ga abin da kowace ta yi.

Zulai ba ta san mutanen tafiya da fuska ba kamar yadda ta san su da ƙeya da diddige, domin aikin mai baya ke nan. Sauran suna kallon ruwa da tsuntsaye, ita tana kallon ƙafafu. Ba a yi nisa ba ta ga wani takalmin roba baƙi, mai ɗan jan ƙafar hagu, wato na Tabawa, ba ya cikin waɗanda ke gabanta. Ta tambaya. Na baya suka ce tsohuwar tana gaba, ai mai ƙarfi ce. Aka aika gaba, na gaba suka ce tana baya. Kowa ya natsu da amsarsa, sai Zulai. Ta ce ita ba ta wuce kowa ba, kuma ba ta yarda da mutumin da kowa ke cewa yana wancan gefe ba. Ta busa usur aka tsaya, ta juya ita kaɗai ta sake hawan abin da ta sauko, gwiwar tana yi mata kamar ana soka allura, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta wuce duwatsun nan biyu, ta leƙa, ba ta ga komai ba. Ta hau har kusa da falale, babu kowa. Da wata ce, da ta dawo ta ce an duba ba a gani ba, kuma ba wanda zai zarge ta. Zulai ta sake biyo hanyar a hankali tana duba ciyawar gefe, har ta ga inda gamba ta kwanta ta fuskanci ƙasa. Ta zauna ta gangara da mazaunai, ƙaya na yagar ta, ta iske Tabawa a kwance jiƙe da gumi, ido rabi a buɗe, tana wata magana marar kan gado, ƙafafunta sun riga sun leƙa bakin gangaren da ke kai wa rafi. Zulai ta shiga ta ƙasanta ta tokare ta da jikinta, gwiwar nan mai ciwo ita ce ta dafe dutse, ta yi ta busa usur ba ta tsaya ba har mutane suka iso. Da ba ta juya ba, da sai an kai mota kafin a san babu Tabawa, kuma da gawa za a hau nema.

Saratu ta iso ta tarar mutane sun kewaye, kowa da maganarsa. Alhaji Sallau ya ce iska ce, ba a shiga bayan irin waɗannan duwatsu haka kawai, ya fara karanta addu'a. Wani ya buɗe gora zai ɗura mata ruwa. Wata Hajiya, wadda mijinta ma yake da ciwon, ta ce sugarta ce ta hau, kada kowa ya kusance ta da zaƙi. Na'urar gwada suga kuwa an manta da ita a mota cikin wata jaka. Saratu ta ture gorar ruwan, ta ce wanda hankalinsa ba ya jikinsa ba a ɗura masa komai, shaƙewa zai yi. Ta taɓa goshin Tabawa ta ji shi sanyi, ta kama hannunta ta ji yana karkarwa. Ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya ga ta ci abinci a sama?" Ba a sami wanda ya gani ba. Sai ta zaro 'yar kwalbar zuma daga jakarta.

Hajiyar ta cafke mata hannu ta ce, "Mai ciwon suga za ki ba zuma? Yarinya, kashe ta za ki yi."

Saratu ta ce, "Hajiya, sake mini hannu. Sauka ta yi, ba hawa ba. Alhaji, ka ci gaba da addu'a, muna bukata. In ta mutu ku ce ni ce, zan amsa a gaban kowa."

Ta juya Tabawa ta kwantar da ita ta gefe, ta lakato zuma da yatsa ta cusa cikin kuncinta tana shafawa a dasashi. Muƙamuƙin tsohuwar ya datse a kan yatsan har jini ya fito. Saratu ba ta zare ba sai da ta gama shafawa, ta sake lakatowa da wani yatsan. Ta yi ta yi, Hajiyar na ta salati. Can sai karkarwar ta lafa, idon Tabawa ya buɗe sosai, ta dubi mutane ta gane su. Da Saratu ta ji tsoron bakin jama'a ta jira a sauka da ita asibiti, da ba a kai ko rabin hanya da ita da rai ba.

Amma aikin bai ƙare ba. Saratu ta ce zumar nan ɗaga ta kawai ta yi na ɗan lokaci, maganin da ta sha yana nan yana aiki a jikinta, lalle ta ci abinci mai riƙe ciki yanzun nan, in ba haka ba za ta koma, kuma ba ta da tabbacin za a sake dawo da ita. Aka kwance ayabar daga mayafi, wani ya kawo burodi daga jakarsa. Aka kai bakin Tabawa. Ta ɗaga ido, ta ga Haladu tsaye a bakin kwazazzabo yana kallon ta, sai ta rufe baki gam ta ja mayafi ta rufe fuska. Saratu ta roƙa. Zulai ta roƙa. Suka ɗauka hankalinta ne bai gama dawowa ba. Haladu kuwa tsoro ya kore masa tunani, da ya ga ta ƙi sai ya ƙara saukowa kusa ya durƙusa yana cewa, "Inna, don girman Allah ki ci." Duk matsowar da ya yi sai ta ƙara cusa kai cikin mayafi. Hannunta ya sake fara rawa.

Ramatu ce ta iso a ƙarshe, tana haki, tana jan jiki. Kallo ɗaya ta yi ta gane. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, "Kai malamin gona, tashi ka ɓace. Ka sauka har inda ko tari na yi ba za ka ji ba. Maza duk ku bi shi." Haladu ya dube ta, sai abin ya faɗo masa, ya miƙe ya juya kamar an watsa masa ruwan zafi. Alhaji Sallau ya ce shi ai dattijo ne, zai tsaya ya ƙarasa addu'a. Ramatu ta ce, "Alhaji, ina ganin girmanka, amma addu'a tana isowa daga nesa. Bi yaro." Da suka ba da baya ta cire mayafinta, ta kwance zanen sama ta tsaya da fatari, macen da ta kai shekarunta, a tsakiyar dutse. Ta ba matan da ke wurin suka riƙe suka yi labule.

Duk da haka Tabawa ba ta buɗe baki ta ci ba. Daga cikin mayafi ta ce, da wata 'yar murya, "Ya gan ni a kwance. Ku bar ni."

Ramatu ta zauna dirshan a gabanta ta ɓare ayaba. Waɗanda suka riƙe zanen sun ce hawaye na bin kuncinta, amma muryarta ko gezau. Ta ce, "To mutu mana, wa ya hana ki? Ni dai in gaya miki abin da zai biyo baya. Duk mazan nan babu mai ƙarfin ɗaukar ki sai shi. Shi zai saɓa ki a kafaɗa, ƙafafunki na reto, ɗan kwalinki ya faɗi, furfurarki a waje, haka zai sauko da ke har gindin dutse. Gobe duk Rafin Ɗinya a ce Tabawa mai kunya a wuyan surukinta ta dawo gida. Ni da bakina zan ba da labarin a wajen zaman makoki, kuma sai na ƙara gishiri."

Mayafin ya ɗan motsa. Tabawa ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Allah ya kiyaye. Ba ni nan, mai baƙin baki."

Ta ci ayabar. Ta ci burodin. Ramatu tana gutsura tana sa mata a baki tana zagin ta, ita kuma tana taunawa tana ramawa, har Tabawa ta tambayi inda ƙosanta yake. Da Ramatu ba ta zo ba, da Tabawa ta koma suma a gaban abinci, a hannun nas, mutane na roƙon ta, ba wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Da ƙarfinta ya dawo ta miƙe, aka gyara mata ɗauri. Aka ce a goya ta, ta ce ba ta haifi mai goya ta a dutsen nan ba. Da ƙafarta ta sauka, Saratu a dama, Ramatu a hagu, Zulai a baya tana ɗingishi, domin ko a ranar ba ta yarda ta wuce kowa ba. Yayyafi ya fara, ƙamshin ƙasa ya tashi, rana ta keto ta ƙarƙashin hadari ta haske gonakin acca kamar an zuba musu mai. Haladu yana gaba, kuma tun daga nan har mota bai sake juya wuyansa ba ko sau ɗaya. Ya sa wani ya riƙa duba masa layin yana gaya masa. Daga mota aka wuce da ita asibiti, aka duba ta, aka yi mata faɗa, aka sallame ta.

Kada wata ta buɗe baki ta ce mini kunya ce ta jawo. Kunya ba ta yi laifi ba. Da Tabawa ta kira mace ɗaya tun a sama ta ce kare ni da zane in ci, da babu abin da ya faru. Wannan tsakaninta da likitanta ne, ba shi na tara ku ku tattauna ba.

Ga abin da na tara ku a kai. Ba a daɗe ba ɗiyar Tabawa ta haihu, ta sami 'ya mace. Haladu ya ce ya yi wa Allah alkawari a kan dutsen nan, in surukarsa ta tashi, 'yar da zai fara samu sunan wadda ta cece ta za ta ci. Sai da bakinsa ya furta sannan ya ga wuyar abin. Ya aika a tambayi Tabawa, ta ce ita ba ta da baki a kan abin da ɗiyar fari ta haifa, ta juya ta ci gaba da tsince wakenta. Aka tambayi matan uku, kowace ta ce a ba ɗaya daga cikin sauran biyun. Sai gardama ta koma hannun dangi da 'yan ƙungiya.

Masu goyon bayan Zulai suka ce ba a yi wa wanda ba a gani ba magani, kuma ba a ba shi ayaba. Ita kaɗai ta ƙi yarda da abin da kowa ya yarda da shi, ta koma da gwiwa mai ciwo, har yau da sanda take tafiya. Aka ce musu ai aikinta ne, kuma a gaban idonta tsohuwar ta ɓace.

Masu goyon bayan Saratu suka ce Zulai ta samo ta ne tana mutuwa, kuma da a hannunta za ta ƙarasa. Yarinya ce ta tsaya a gaban manya ba na'ura ba shaida, ta ɗora ran mutum a wuyanta, ga tabon haƙori a yatsanta. Aka ce musu ai abin da ta karanta ke nan, kuma ita ce ta san an sha magani, ta miƙa abinci ta tafi ba ta tsaya ta ga an ci ba.

Masu goyon bayan Ramatu suka ce zuma ta buɗe ido ne kawai, ba ta buɗe baki ba. Ramatu ba aikinta ba ne, ba karatunta ba ne, ta kori maza, ta tuɓe zanenta, ta kuma san maganar da za ta shiga inda roƙo bai shiga ba. Aka ce musu ita kaɗai ta san dalilin ƙin cin tun a sama, ta yi dariya, ta kuma cinye ƙosan.

Ranar suna tana matsowa, an sayi rago, liman yana jira a gaya masa abin da zai raɗa. Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya za ta ci, kuma kada wata ta ce mini a haɗa mata uku, ba a yin haka a gidan mutunci.

To, ku faɗa mini, kowace da dalilinta: tsakanin Zulai da Saratu da Ramatu, wace ce ta fi cancanta a yi wa takwara?